Yis ɗin da ya ƙi tashi

A wurin jiran bas a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam, wani mutum yana zaune rungume da kwalba a cikin rigar sanyi. Tsohuwar da ke gefensa ta leƙa.

"Jariri ne, ɗana?"

"Yis ne, Iya. Giya nake so in dafa a gida, karon farko. Sai an fara tayar da shi a ruwan tsiron sha'ir, ya yi kumfa tukuna."

"To ni ban ga kumfa ba."

"Shi ya sa zan kai wa mai shagon kayan dafa giya ya duba. Sau huɗu ke nan yana mutuwa! Na tafasa kwalba kafin in zuba, na girgiza, na lulluɓe, a banza."

"Ina kake samo irin?"

"A gindin kwalbar giyar da sufayen Kirista ke dafawa yake kwanciya. Sai na shanye kwalba shida nake tara abin kirki."

"Kowane karo? Sannu da wahala. Haka marigayi mijina Firmin ya yi shekara goma yana fama."

"Nasa ya tashi?"

"Ko sau ɗaya."

"Me ke kashe shi?"

"Shi dai ya ce sanyi ne." Ta gyara jakarta. "Ni kuwa da ya fita aiki nake tsoma kwalbar yis ɗin a tafasasshen ruwa, in goge, in mayar. Kwalba shida a wata ta fi mini ganga guda a ɗaki. Kai wa ke duba maka naka?"

"Matata Marleen. Ita ce ma ta roƙa in bar mata..."

Ya dubi kwalbar da ke cikin rigarsa. Bas ta iso, tsohuwar ta miƙe.

"A gaishe ta da ƙoƙari."