Kaskon garwashi a motar lantarki

Ina zaune bakin wani asibitin haihuwa a unguwar Hayyin Ashir, nan ƙasar Larabawa, sanyi na cin ƙafata, sai na ga wani ɗan Nijar zai saka kaskon garwashi cikin motar lantarki. Wata Bahaushiyar Sudan, mace tsayayya masha Allah, ta ja birki a gabansa. Ni kuwa na gyara kunne.

"Malam, lafiya? Gasa motar za ka yi?"

"Hajiya, hita ce ta ƙi. Tun ɗazu nake jiran inji ya yi zafi, shiru."

"Wane inji? Wannan ba irin ta fetur ba ce. Garwashi kuma a rufaffiyar mota ai kisa ne. Wa za ka ɗauka?"

"Matata mai jego da jaririya. Inna ta bugo daga Maraɗi, ta ce in sanyi ya shige ta ba ta yafe mini ba."

"Matsa in gani. Yo ga shi, ka sa ta a tsimin batir, shi ya danne hitar. Na kashe. Kawo hannunka nan."

"Allahu akbar, ɗumi! Ni tsoro nake kar caji ya ƙare mana a hanya. Ko rediyo na daina kunnawa."

"Khalas, shi ke nan, cajin zai kai ku gida. Allah ya raya, ya bar ka da matarka. Ni ranar da na haihu, a bas maigidan ya maido ni, taga a buɗe."

"Ma'alish, sai haƙuri, Hajiya."

"Ba komai, ɗana. Yanzu irin motar nan nake tuƙawa, tawa ta kaina. Shi har yau bas yake hawa."