Dutsen da Kallamu Ya Ɗaura a Kwiɓi

Shugaban taro Alhaji Tankari, limaminmu Malam Abdul-Hafiz, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana na Kano da Zango da Maraɗi, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya da kuka rufe shagunanku na unguwar Xiaobei a nan ƙasar Sin, kuka bar lodin kwantena, kuka amsa wannan kira.

Maganata a kan koren dutsen nan ce da Sinawa ke sassaƙa awarwaro da shi, wanda Turawan Ingila ke kira jed. Da fari, sunan ba na Sinawa ba ne, ba kuma na Ingilishi ba ne tun asali. Mutanen Sifaniya ne suka tarar da dutsen a nahiyar Amurka ana jingina shi a jiki, suka kira shi dutsen kwiɓi, don sun zaci yana maganin ciwon ƙoda. Faransawa suka ara, Turawan Ingila suka gutsure. Sunan ya ƙetare teku, amma magani bai biyo shi ba.

Na biyu, wannan tarihi ne ke neman kashe mana ɗan'uwa. Kallamu, mai haɗa mana kaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa, yana kwance a ɗakinsa na unguwar Dengfeng, ƙafafu a kumbure, fitsari ya ƙi fita. Wani mai shago ya ba shi labarin sunan, sai ya ɗaure dutsen a kwiɓi da tsumma, ya ƙi asibiti. Na roƙe shi, ya ce mini, "Alhasan, in ƙarya ne, Bature zai sa masa suna haka?" Wallahi na fito ina hawaye. Bature ma mutum ne, yana zato, yana kuskure!

Na uku, ni kaɗai ba zai ji maganata ba, amma ba zai iya kallon idon liman da dattawa ya ce a'a ba. Don haka ina roƙo, kada mu watse daga nan sai ƙofar ɗakinsa. Jiya matarsa Balkissa ta bugo waya daga Kano, ta ce, "Ku masu aiko da kaya ne. Don Allah mijina kada ku aiko shi a akwati, ku bari ya dawo da ƙafarsa."

Allah Ya ba Kallamu lafiya, Ya sassauta zuciyarsa, Ya mai da kowannenmu gida da ƙafarsa. Motar haya na jira a ƙasa, Malam, kai za ka shige gaba.

Na gode.