Motar Rani

A tashar Ɗanbatta, wani mutum yana zagaya wata tsohuwar mota mai gudu da aka ajiye don sayarwa. Wani dattijon direba yana zaune a kan benci yana kallonsa.

"Malam, saye za ka yi?"

"Ina dai dubawa, Baba. An ce injinta ba ya ba da matsala."

"Injin kam lafiya lau. Daga ina kake?"

"Wani ƙauye bayan Tsanyawa."

"To rabu da ita. Dubi cikinta, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Motar samarin birni ce. Ruwan fari na sauka, a burtalinku za ta maƙale."

"Kujerar bayan nake so. Matata nake kaiwa Kano wankin ƙoda, sau biyu a mako. Zaman bas ya fi ƙarfinta, sai a kwance."

"Shi ya sa ma. Nemi mai tudu, wadda za ta yi maka damina."

"Jiya likita ya kira ni gefe, Baba. Ya ce da wuya matata ta ga damina. Motar rani kawai nake nema."

Dattijon ya taso daga kan bencin.

"Allah ya ba ta sauƙi. Buɗe bayan ka taɓa. Kujerar tana da laushi."