Hajara Ta Kawo Waƙar, An Cire Sunanta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sabo mai gyaran keke a hanyar Doma, nan Lafia. Allo kaɗai na yi, abokina Terna ne ya rubuta min wannan.

Ƙanwata Hajara tana sakandare. Malamin Turanci ya ba su wata doguwar waƙa su haddace, wanda ya fi iyawa shi zai karanta ranar taron iyaye. Na same ta tana kuka, wai ta ƙi shiga kanta. Na ce, "Ke, zauna ki tanƙwashe ƙafa. Ban san me waƙar ke cewa ba, amma na san hadda." Na sa ta maimaita layi-layi da ƙarfi, tana rangaji gaba da baya, yadda muke yi a gaban malam. Da ta yi shakka, na ce ai Turawa ma haka suke yi.

Hajara ta je aji, ta zauna a ƙasa, ta kawo waƙar tas tana rangaji. 'Yan aji suka fashe da dariya. Malamin ya ce raini ne, ya cire sunanta. Yanzu Baba ya ce sai na je na ba shi haƙuri ko a mayar da ita.

Haƙurin me? Hadda aka ce, ta kuma kawo! Masu saurare, ku ba ni shawara. Amma gobe zan je, in ce ya rufe littafi ya kawo waƙar da ka. In ya iya, zan durƙusa.