Lamba Ɗaya a Jikin Mota Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. 'Yan'uwanmu Kirista, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin ofishin rajistar motoci, wanda ya amsa gayyatarmu ya tako da ƙafarsa, Sarkin tasha da dattawan da ke kewaye da shi, malamanmu da fastocinmu, shugabannin direbobi na Utako da na Mararaba, da masu jigilar kaya daga masana'antun Idu, iyayenmu mata, 'yan jarida, jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma, kowa da matsayinsa.

Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya. Ina gode wa kowane direba da ya kashe motarsa ya bar lodin safe ya zo ya zauna a nan, domin na san abin da hakan ke nufi ga tukunyar gidansa yau.

Sunana Manniru Maude, sakataren ƙungiyarmu, shekara ashirin da shida ina riƙe da sitiyari. An ɗora mini nauyin gabatar da koke-koken direbobi a kan rajistar mota da lasisi, kuma kundin da ke gabana cike yake da su. Idan na ce zan karanta, rana za ta faɗi ban kai rabi ba. Saboda haka zan ɗauki mutum ɗaya in ba ku labarinsa, da izininsa da na iyalinsa. Ga shi can a sahun gaba, a kan keken marasa lafiya, maiɗakinsa Serah tana riƙe da kafaɗarsa. Sunansa Abednego George.

Abednego mutumin Akwanga ne. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar wasu tsakanin Mararaba da Utako, a cikin cinkoson da kowa a nan ya san zafinsa. Ba a taɓa kawo ƙararsa ofishinmu ba, ba a taɓa jin ya zagi fasinja ba. Bara waccan Allah Ya cika masa burinsa, ya sayi tasa bas ɗin, ta hannu, mai kujera goma sha takwas. Da zai je yin rajista, abokan aiki suka ba shi shawarar da muke ba juna: ya nemi ɗaya daga cikin ejan-ejan ɗin da ke tsaye a bakin ƙofar ofis, ya miƙa masa takardu, kwana uku ya karɓi lamba. Ya ƙi. Ya ce mini, "Manniru, wannan mota gumina ne. Ba zan shigar da shi ta taga ba, ta ƙofa zan shigar da shi."

Ya bi ta ƙofa. Sau goma sha ɗaya ya je. Yau a ce babu netiwok, gobe a ce Oga yana mitin, jibi a ce farantin buga lamba ya ƙare, gata a ce hoton da ya kawo bai yi ba. Kowace tafiya yini guda ce, kowane yini kuwa mota tana ajiye. Bayan wata biyu ya fito da lambarsa da takardunsa, komai da hatimi, komai da rasit. Ranar da ya fara lodi, Serah ta kawo waina da kunun gyaɗa tasha, muka ci muka sha, muka yi masa addu'a, liman ya yi, fasto ya yi.

Wata huɗu ya yi yana cin moriyar motarsa. Ranar wata Talata a watan Agusta, da hantsi, aka tare shi a shingen bincike, mota cike da ma'aikata masu zuwa ofis. Aka duba lamba, aka sake dubawa, aka ce kowa ya sauka. A gaban fasinjojinsa aka ɗaure masa hannu. Ashe wata mata da 'yan wan-cans suka yi wa fashi, wato ɓarayin nan da ke ɗaukar mutum kamar fasinja su ƙwace abin hannunsa su jefar da shi a hanya, ta haddace lambar motar da aka ɗauke ta a ciki. Lambar ita ce ta Abednego, harafi da harafi. Ita matar, ƙaramar baƙar mota ta ce ta ɗauke ta. Tasa bas ce. Duk da haka kwana goma sha tara ya yi a tsare kafin mu samu belinsa, motar kuwa aka ci gaba da riƙe ta.

Jami'in 'yan sanda da ke riƙe da maganar bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Ku kawo mini wasiƙa daga ofishin rajista cewa wannan lamba tasa ce, kuma ta yi daidai da lambar injinsa. Ranar da kuka kawo, ranar zan sake muku mota."

Jama'a, wasiƙa ɗaya. Shafi ɗaya. Sa hannun mutum ɗaya.

Ni na raka shi. A taga ta uku muka samu wata ma'aikaciya mai suna Cynthia, kuma ina so a rubuta sunanta cikin mutanen kirki. Ta buga lambar a kwamfuta, sannan ta juyo mana da fuskar na'urar. Lamba ɗaya, suna biyu, mota biyu. Ta ce, "Baba, kai ba ka da laifi, daga nan ciki aka yi wannan. Amma ni ba ni da ikon sa hannu."

Mai ikon sa hannu ya tafi kwas. Da ya dawo, aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ba a zamaninsa aka yi ba sai ya ga fayil. Aka nemi fayil, aka ce ya ɓace a lokacin da aka kwashe kaya zuwa sabon ɗaki. Aka ce mu rubuto takardar koke, muka rubuto. Aka ce ba ga wanda ya kamata muka rubuta ba, muka sake. Wata rana a baranda wani mai kwat ya ja mu gefe, ya ce in muna son fayil ya fito, sai mu san yadda za mu ga mutane. Abednego ya buɗe jakar ledar da yake yawo da ita, ya fito da rasit ɗinsa. Ya ce, "Oga, na biya gwamnati, ga shi. Su ne suka yi kuskure. Me zan sake biya kuma?" Mai kwat ya yi murmushi ya wuce.

Wata bakwai muna wannan jeka-ka-dawo. A cikin watannin nan 'yarsa Jennifer ta baro makarantar koyon aikin jinya ta dawo gida. A cikin watannin nan mutumin da ya mallaki mota ya koma kamasho, yana tsaye a rana yana kiran fasinja ga motocin waɗanda shi ya koya wa tuƙi. A unguwarsu kuwa, ko da aka sake shi, akwai maƙwabtan da suka hana 'ya'yansu shiga gidansa, domin sun ji an ce ɗan wan-cans ne.

A watan Maris, a tsakiyar zafin nan, muna layi a harabar ofishin, babu rumfa, babu benci, ya ce mini, "Manniru, kaina yana juyawa." Kafin in tallabe shi ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jiki na dama.

Mai girma shugaba, wasiƙar da ta gagara wata bakwai ta fito a cikin kwana uku, domin mutane sun ga faɗuwarsa, wasu sun ɗauki hoto. Ba a jira fayil ba. Layi huɗu ne a jikinta. Na ƙirga.

Na kai ta da hannuna, aka sake mana mota. Tayoyi sun nutse a ƙasa. Ruwan ƙarshen damina ya shiga ta gilashin da ya fashe, kujeru sun ruɓe, ɓeraye sun cinye wayoyi. Janwe muka ɗauko ya ja ta. Bakanike ya duba inji ya girgiza kai. Da na je asibiti, Abednego ya tambaye ni da bakinsa da ya karkace, "Motar tana tashi?" Na ce masa tana tashi. Allah Ya gafarta mini. Serah ce ta faɗa masa gaskiya bayan an sallame shi. Ta ce bai yi kuka ba, ya dubi hannunsa ne kawai ya ce, "Ko ta tashi, wa zai tuƙa?"

Yallaɓai wakili, ba mu kira ka don mu ci mutuncinka ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Buƙatunmu uku ne.

Na farko, a binciko yadda lamba ɗaya ta fita sau biyu daga ofis ɗaya. Kwamfuta ba ta da hannu. Wani ne ya danna, wani ne ya sa hannu, wani ne ya miƙa wa ɓarayi lambar mutumin kirki. Har yau ba a gaya mana ko wane ne ba, kuma har yau ba mu ji an kama waccan baƙar motar ba. Wa ya san lambobi nawa ne a cikin tashar nan suke da tagwaye a wani wuri?

Na biyu, a sa wa kowace takarda wa'adi, a rubuta shi a bango inda kowa zai gani. Idan mai sa hannu ba ya nan, a samu mai sa hannu a madadinsa. Kujerar gwamnati ba ta tafiya kwas.

Na uku, a zo a dubi wannan bawan Allah. Har yanzu babu wanda ya tako daga ofishin nan ya ce masa sannu.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, akwai namu laifin. Mu ne muke ciyar da ejan, mu ne muke cewa a yi mana da sauri ko ta wace hanya, mu ne muka mai da bin ƙa'ida abin dariya. Da Abednego ya ƙi bin ejan, a cikinmu akwai waɗanda suka kira shi wawa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yau matasanmu suna nuna shi suna cewa, ga abin da gaskiya take jawowa. Ban san amsar da zan ba su ba. Wallahi ban sani ba. Amma na san idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba ka tsayawa kallo.

Ya Allah, Ka ba Abednego lafiya, Ka ba iyalinsa haƙuri da mafita. Ka saka wa ma'aikatan kirki da alheri a duk inda suke. Ka sanya tsoronka a zukatan masu riƙe da alƙalami, Ka tuna musu cewa a bayan kowace takarda akwai gida, akwai mata da 'ya'ya. Ka tsare mu daga haɗarin hanya, Ka tsare mu daga laifin da ba mu aikata ba. Ka zaunar da Abuja da ƙasarmu lafiya, Ka mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.