Rumfar Marigayi Ta Dawo Hannuna

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Iya Kande daga Uwani, Inugu. Maƙwabciyata Talatu ke rubuta min.

Ina cikin takaba wani ya ɓalle kwaɗon rumfar mijina a Kasuwar Artisan, ya jibge doyarsa. Kowa sai ya ce, "Iya, bar wa Allah, kotun garin nan ba ta jin Hausa." Na hau keke Napep na tafi kotun abina. Ashe suna da tafinta, 'yar Ibo haihuwar Jos! Ta ce, "Mama, faɗi da bakinki." Na zazzage tas. Mun sha zarya, amma alƙali ya mayar min da rumfa.

Mata, ku je, ba a duka. Malam Sule mahauci, kai ka yi alkawarin zakara in na ci shari'ar. Ina jira, kuma ban da ramamme.