Sitiyarin da Ke Karyawa Hagu

A kasuwar Rano, wata mata ta tsaya a rumfar Munzali mai kayan gem, tana shafa wani sitiyarin wasan tseren mota da aka ɗaure a kan ƙafar ƙarfe.

"Ɗana zan saya wa," ta ce. "Ya nace sai tuƙi. Gara ya yi abinsa a ɗaki da ya hau titi."

"To Hajiya, ɗauki wancan mai ƙafar kamfani. Wannan ki bar shi."

"Ai wannan ya fi ƙwari. Wancan ko iska ma ta kayar da shi."

"Ƙwari kam akwai, aikin mai walda ne. Amma duk wanda ya saya sai ya dawo min da shi. Da kansa yake karyawa hagu."

"Ba lalacewa ya yi ba?"

"Na canja sitiyarin, sabon ma haka. Ko ba wuta yana yi. Abin a ƙafar yake."

"Ƙarfen mene ne?"

Munzali ya so ya yi shiru, amma baki ya riga shi. "Na wata bas ne da ta kife a hanyar Durba bara."

Matar ta kankare baƙin fentin ƙafar da farce, kore ya fito a ƙarƙashinsa. Sitiyarin ya juya hagu a hankali, ba wanda ya taɓa shi.

"Shanu ya kauce wa," ta ce.

"Wa, Hajiya?"

"Baban yaron, shi ke tuƙa bas ɗin. Ɗaure min shi, Malam. Ya daɗe yana neman hanyar gida."